Atamfar da Ta Ƙi Koɗewa

Kai Nazifi, ajiye wayar nan tukuna. Tun ɗazu nake jin ku a bakin rumfata kai da abokanka kuna musu a kan launin wata atamfa a hoto, wannan ya ce wayin ce, wancan ya ce marun ce, kuna ta haska wa juna fuska. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya sa na tsame hannuna daga duro shi ne da na ji ka ce wai haɗa kala ba sana'a ba ce, inji ne ke yi, mutum maɓalli kawai yake dannawa. To sannunka da ilimi. Launin da kuke wa gardama sunansa ruwan hanta, kuma tun kana bayan uwarka nake haɗa shi. Ku zauna a bencin nan, rinin ba zai gudu ba.

Ku dai kun buɗe ido kun ga Baba Sabo mai rina tsofaffin kaya a lungun Dorayi, hannu baƙi ƙirin har gwiwa. Ba a nan na fara ba. A wani kamfanin yadi a Bompai na fara, ina tura amalanken akoko daga sito zuwa ɗakin wanki. Akoko shi ne yadin auduga kamar yadda ya fito daga masaƙa, ba a wanke ba, ba a buga masa komai ba. Daga nan wani ɗan garinmu ya yi min hanya na koma wata masaƙar atamfa a Challawa, aka jefa ni ɗakin haɗa kala, wanda ma'aikata ke ce wa kicin. Lokacin idan jiniya ta yi kuka aka tashi daga aiki, titin nan har Panshekara ba ka ganin kwalta don kekuna.

Aikin da aka fara ba ni wankin bokiti ne. Shugaban kicin wani dattijo ne, Malam Inuwa, mutumin Kura, ɗan marina jikan marina, wanda ya baro karofi ya shigo kamfani. Sai na wanke bokiti har ina ganin fuskata a ciki, ya zo da farin tsumma ya goga gindinsa, ya ɗaga tsumman ya duba. In ya ga ko alamar shuɗi, ba zai yi faɗa ba, sai dai ya tura min bokitin da ƙafa ya wuce. Na fi shekara a haka. Ranar da na gaji na yi gunaguni, cewa ya yi, "Sabo, ɗigon shuɗin nan da ka raina, in ya shiga rawaya, atamfar mota guda ce za ta koma ruwan kashin jariri. Kai za ka saya?" Daga wankin bokiti na koma tuƙa danƙo, wato abin da ake dama kala da shi don ta zauna a jikin yadi kada ta malale. Da muciya mai tsayin mutum ake tuƙa shi, kuma in ya yi gudaji ko ɗaya ne sai ya toshe ragar buga zane.

Wata ranar Asabar bayan an tashi, Malam Inuwa ya ce in bi shi. Na ɗauka gida za mu, sai ga mu a gaban teburin mahauci. Ya sa aka yanko hantar rago, ya riƙe ta a tafin hannu ya ce in duba bayanta. Na duba. Ya karɓi wuƙa ya tsaga ta biyu, ya ce in duba cikin. Ya ce, "In mace ta ce ruwan hanta, wannan take nufi, cikin, a daidai lokacin da aka tsaga. Ba na bayan ba, ba kuma wanda ya sha iska ya yi duhu ba. Ja ne da ya ji baƙi kaɗan, da ɗan shuɗi a can ƙasa wanda ido ba ya gani sai in babu shi." Muka tsaya muna kallo har launin ya juya a gabanmu, mahaucin yana mana kallon mahaukata. Sannan ya sa aka gasa ta muka cinye.

Haka ya koya min sauran. Ruwan goro ba goron da ke cikin huhu ba ne, wanda aka tauna aka tofar ne, ja mai hasken rawaya. Ruwan toka kuwa sai ka tambaya, tokar kara ko ta itace, don ta kara ta fi haske. Makuba launin katangar da aka shafe da bawon ɗorawa ce, ruwan ƙasa mai duhu da ɗan ja, alhali ruwan ɗorawa garin cikin ne, rawaya mai taushi wadda ba ta tsone ido. Bishiya ɗaya, launi biyu. Kore ma ba ɗaya ba ne, akwai tsanwa ta ɗanyen ganye, akwai algashi mai zurfi irin na alkyabba. Ku yanzu duk kun tattara kun ce girin, kun huta. Kwanan baya wata yarinya ta kawo min mayafi wai in mayar mata da shi oniyon. Na ce albasar wane gari, kuma bawon ko cikin? Ta yi min kallon tsohon da ya fara ruɗewa.

Kuma sanin suna ba shi ne aikin ba. Kala a bokiti daban, a jikin yadi da danshi daban, in ta bushe daban, in ta shiga tururi ta fito kuma wata aba ce dabam. Ja yakan shiga tururi yana ihu ya fito a ladabce. Don haka abin da kake haɗawa a sikeli ba shi kake gani ba, abin da zai zama kake hange. Ba a kuma duba kala a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ƙarya yake yi. Akwai wata ƙofa a bayan kicin da ke kallon arewa, nan muke fita da hantsi mu shimfiɗa ƙyalle a hannu. Inji yana buga abin da ka zuba masa ne kawai, Nazifi. In ka zuba masa shirme, shirmen zai buga maka har a tashi aiki, ko gezau.

Masu sayen kaya kuwa kowa da halinsa. Fataken Maraɗi da Damagaram suna son ja mai tashi, wanda za a hango daga ƙarshen kasuwa. Matan cikin birni sun fi son launi mai nauyi, su ce kada a mai da su 'yan tashe. Amma duk wanda ya taɓa aiki a kicin ɗinmu ya san Hajiya Tabawa. Babbar 'yar kasuwa ce a kasuwar Kwari, ita ke ɗaukar kayan anko na manyan bukukuwa, wato atamfa iri ɗaya da dangi da ƙawaye ke ɗinkawa su sa rana ɗaya. Ba ta aiko yaro, da kanta take zuwa. Ta kama bakin atamfa ta shinshina, ta juya bayan ta ga ko kalar ta ratsa, sannan ta jiƙa gefen da yawu ta murza a farin hankicin da ke ƙulle a jakarta. In hankicin ya ɗauki launi, atamfa tana zuba ke nan, takalminta kawai za ta nema.

A al'adar aikinmu, kafin a buga babban oda sai an yi ƙyallen gwaji, kamar kamu biyu, a ba mai kaya ya tafi da shi gida. Hajiya takan wanke nata da sabulun salo, ta shanya a katanga rana ta dake shi har sati ya zagayo, sannan ta aiko a buga. Ba a rubuta komai, ba a sa hannu a komai. Haka na tarar Malam Inuwa yana yi, haka na ci gaba bayan ya rasu aka ba ni kicin. Ban taɓa jin wanda ƙyalle ya cuta ba.

Sai wata shekara ta zo. Wutar lantarki ta zama sai an gan ta. Baƙin mai, wanda ake hura tukunyar tururi da shi, ya yi wuya, in an samu kuma tsadarsa ta fi ƙarfin kamfani. Ga diloli na atamfar China suna kwararowa ta kan iyaka kamar an fasa madatsa. A Sharada yau ka ji an rufe wannan kamfani, gobe wancan. Bompai da na sani ta koma sito-sito da ciyawa. Mu ma aka rage mu, aikin da ake yi ba dare ba rana ya koma na yini kawai, wani satin ma mu zo mu zauna a gindin darbejiya mu koma gida. Masu abinci na bakin ƙofa suka kwashe tukwanensu tun kafin mu san inda aka dosa.

Ana cikin haka Hajiya Tabawa ta zo da oda mafi girma da muka gani a shekarar. Anko ne na bikin wasu manyan gidaje biyu, sauran kuma ta zuba a kasuwa bayan biki. Ƙasan ruwan hanta take so, da zanen ganye ruwan gwal. Manaja ya tara mu a ƙofar kicin, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce masu kamfani sun yanke shawara: in kayan nan suka shiga, za a bar sashen buga atamfa a buɗe a ga abin da Allah zai yi. In ba su shiga ba, a kashe injin. Magidanta ne fal a sashen nan, daga Ringim, daga Kazaure, daga ƙauyukan nan na bakin kogi, wasu ma daga Nijar. Duk suka juyo suna kallona, don ni ne mai kala.

Ban taɓa haɗa ruwan hanta irin wannan ba, kuma ban sake ba. Na yi ta fita ƙofar arewa ina komawa, in ƙara baƙi kan cokali, in rage, har na ga cikin hantar nan ta teburin mahauci a tafin hannuna. Aka buga ƙyalle da ɗan tururin da ya rage, na miƙa wa Hajiya da hannuna. Ta shinshina, ta juya, ta murza a hankici. Ta ce, "Malam Sabo, wannan ko Malam Inuwa sai haka." Ta naɗe ta sa a jaka. Da sati ya zagayo ta aiko a buga.

A ranar baƙin mai ya ƙare. Haruna mai kula da tukunya, wani ɗan Ringim mai faɗar gaskiya ko ta ɗaci, ya kira ni ya nuna min allurar agogon tukunyar tana kwance. Ya ce, "Da abin da ya rage a tanki, shayi kawai zan iya dafa maka." Manaja ya ce ko za a lallaɓa a buga da rabin tururi. Na ce masa ranka ya daɗe, tururi shi ke ɗaure kala a jikin auduga, in bai kai ba atamfar za ta fito da kyau a ido, amma hankicin Hajiya zai tona mu tun a bakin mota. Shi ma ya san hankicin. Muka zauna jiran tanka. Sati ya bi sati, kullum ana cewa tana hanya. Wallahi ko yau aka mai da ni wurin, abin da zan faɗa ke nan.

Da tankar ta iso har kabbara aka yi a bakin ƙofa. Muka buga, aka turara, aka wanke, aka busar, aka goge, aka yanka turmi-turmi. Masu naɗi suna shafa ta suna cewa tubarkalla. A babban oda mai kala yakan bi mota, ko da mai kaya zai yi ƙorafi, don haka na sa farar rigata na hau gaba kusa da direba.

Tun kafin mu kai layin Hajiya na ga abin da ban taɓa zato ba. Ganyena ne a rataye a rumfar farko. Na ce ko idona ne. Rumfa ta biyu ma shi ne, ta uku ma shi ne, ruwan hanta da ganyen gwal, reras har ƙarshen layi. Na diro daga mota na kama ɗaya. Santsi a hannu, in ka murza tana ƙara, bayanta fari fat kala ba ta ratsa ba. Roba ce zalla, 'yar China. Har wani ɗan karkacewa da kan ganyen ya yi a ƙyallen gwaji, wanda muka gyara daga baya, yana nan sun kwafe shi. Yaron shagon ya ce min, "Baba, sabon yayi ne, jiya aka sauke. A ba ka turmi nawa?"

Hajiya tana zaune a kan dadduma a cikin shagonta, dilolin a bayanta har rufi. Muka gaisa. Aka shigo da turmi ɗaya daga mota na ajiye a gabanta. Ta shinshina, ta juya bayan, ta kwance hankici ta jiƙa ta murza, ta daɗe tana murzawa. Ta ɗaga hankicin, fari tas.

Ta ce, "Bai zuba ba. Ai na san ba zai zuba ba."

Na ce, "To Hajiya, a fara saukewa?"

Ta ce, "Malam Sabo, ba zan ɗauka ba."

Na ce, "Hajiya, ƙyallen da na ba ku, ina ya je?"

Ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ce, "Ƙyalle ya shiga hannu da yawa. Na nuna wa uwar amarya, na nuna wa dillalai, kowa ya ɗauki hotonsa. Ko ni na aika shi China ko wani ya aika, ga shi dai ya zo, ku kuma kuna can kuna jiran mai. Biki ba ya jira."

Na ce wannan robar wanki uku ba za ta yi ba. Sai ta ce min maganar da har yau ban manta ba. Ta ce, "Wa ya ce maka suna son ta yi wanki uku? Anko na yini ɗaya ne yanzu. A ɗinka, a yi hoto, wani satin a fitar da wani. Abin da za a sayi taku ɗaya, an sayi wannan huɗu. Kai kana haɗa kalar da za ta shekara goma, su kuma ba mai son a gan ta da zani ɗaya sau biyu."

Haka muka juyo da mota cike. Ma'aikata suna tsaye a bakin ƙofa, da suka ga yadda tayoyin baya suka danne, sai suka gane. Haruna ya juya ya tafi ya kashe tukunyarsa.

Ba a yi wata ba aka rufe sashen. Kamfani ya ce ba shi da abin sallamar mu gaba ɗaya, don haka aka cike wa kowa da atamfa. Wace atamfa? Ita dai. Kowane magidanci ya fito daga ƙofar nan da turame a bayan keke. Muka kai kasuwa, aka ce sai dai a kuɗin ta roba, don mai saye zane yake gani, ba ruwansa da bayanta. Wasu suka sayar a haka don tuwon yara. Yawancinmu muka kai gida, mata suka ɗinka, aka yi wa 'yan mata, aka yi zanin goyo. Kun san mata ba sa barin atamfa ba suna. Kafin damina ta wuce, daga Panshekara har ƙauyukan bakin kogi, sunanta Sallama.

Ta China kuwa yadda na faɗa haka aka yi. Kafin shekara ta zagayo ta koɗe ta koma ruwan wankin kwano, aka yi tsumma da ita, aka manta an taɓa yayinta. Tamu ta tsaya. A sha wanki, a sha rana, ganyen nan yana nan kamar jiya aka buga. Sai ya zama duk macen da aka gani da ita a gidan suna ko a bakin famfo, an san mijinta ɗaya ne daga cikin waɗanda aka kora, kuma an san tun daga lokacin bai iya sake mata wata ba. Ni na haɗa kalar da ta yi mana wannan tambarin, da hannun nan.

Maiɗakina mace ce mai haƙuri, ta sa tata shekara da shekaru. Ran nan ta dawo daga bikin 'yar ƙanwarta tun kafin la'asar. Ashe wata ce ta dube ta a tsakiyar mata ta ce, "Ikon Allah, Yaya, har yanzu Sallamar ce?" aka yi dariya. Ta shiga ɗaki ta sake kaya, ta fito da zanin a ninke ta ajiye a kan duron nan. Ta ce, "Malam, ka rine min shi baƙi. Na gaji da a san mu daga nesa."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da ita ba. Na hura wuta, na zuba baƙi fiye da yadda nake zuba wa kowa, na tsoma shi na danne da sanda. Ya bushe, na ɗaga, ganyen yana leƙowa. Na sake tsomawa. Ta fito ta karɓa, ta kai shi rana ta duba yadda ta ga ina duba ƙyalle, ta miƙo min abina ta koma ciki. Ba ta sake ɗaura shi ba.

To Nazifi, ɗaga kanka. Baƙin ƙyallen nan da na ɗaura a saman rumfa, wanda yake tare muku rana tun ɗazu kuna musun wayin da marun, shi ne. Damina nawa ta dake shi a nan, ni kaina na daina lissafi. Tashi ka fita waje, ka tsaya ta inda rana ke dukansa. A'a, bar wayar a benci, da idonka za ka duba.

Ka ga ganyen ko?